Bijimin Mwalimu Ingosi Mai Taya Biyu

A makarantarmu idan ana neman wanda ya san abu ba a shan wahala, don Mwalimu Ingosi, wato Malam Ingosi a yarenmu na nan, ya riga ya miƙe tun kafin a gama tambaya. Tarihi aka ɗauke shi ya koyar, amma shi ne likitan makaranta, shi ne lauyanta, shi ne kuma ya gyara mana famfo. Famfon nan har yau bokiti ne a ƙarƙashinsa. Ƙaton mutum ne mai tumbi da murya, ɗan gidan masu kiwon bijiman karo, kuma ba ya doguwar magana bai sako bijimin kakansa ba, wanda a cewarsa ya taɓa karo da motar rake, motar ce ta ja da baya.

Ni kimiyya nake koyarwa, sunana Khayesi, kuma makullin ɗakin kwamfuta a hannuna yake. Shi ya sa ake ce mini uwar ƙungiyar masu haɗa mutum-mutumi, amma gaskiya aikina buɗe ƙofa ne da kawo mandazi, fankenmu na nan. Yara ne masu aikin. Shugabarsu Muhonja ce, 'yar ajin ƙarshe, siririya, marar yawan magana. Su suka harhaɗa ɗan mutum-mutumin nan mai taya biyu da hannu ɗaya, girmansa bai wuce kwalin takalmi ba, suka sa masa suna Kunkuru. Muhonja ce ta rubuta manhajar da ke gaya masa inda zai bi, a tsohuwar kwamfutarmu mai ƙatuwar ƙeya, wadda sai an mari gefenta take farkawa. In ta gama rubutu sai ta jona waya ta zuba manhajar a ƙwaƙwalwar Kunkuru, ta cire wayar, shi kuma ya kama aikinsa shi kaɗai.

Kunkuru yana da wani ɗan lahani. Lokacin da ake haɗa shi wayoyin tayoyinsa sun gaza, ba su kai ramukansu ba sai da aka musanya su, ta hagu a ramin dama, ta dama a ramin hagu. Maimakon a jira dogayen wayoyi daga birnin Kisumu, Muhonja ta rubuta wani ɗan mitsitsin fayil da ke zaune kusa da babbar manhajar, aikinsa kawai ya tuna wa Kunkuru cewa a wurinsa tayoyi a musanye suke. Duk yaran ƙungiya sun san da shi, har ni na sani.

Gasar a garin Kakamega za a yi ta. Teburi ne mai faɗi, an jera 'yan buhunan wasa a tsakiya, mutum-mutumi biyu suna fuskantar juna, kowanne ya ɗauki buhu ya juya hagu ya zuba a rumbun makarantarsa. Wanda rumbunsa ya fi cika ya ci, kuma da zarar an busa usur babu mai taɓa nasa. Makarantar da ta ci za a kai yaranta Nairobi tare da malami ɗaya. Muhonja ba ta taɓa wuce Kisumu ba, kuma wannan ce shekararta ta ƙarshe. Tun farkon zango take kwana da Nairobi take tashi da ita.

Da Ingosi ya ji akwai kujerar malami, da otal, sai ga shi a ofishin shugaban makaranta, Mzee Amalemba, dattijon da ke jiran fansho, wanda duk wanda ya fi ɗaga murya a gabansa shi ne mai gaskiya. Ingosi ya ce masa gasa karo ce, karo kuwa ba aikin mata ba ne, kuma a duk ƙasar nan ba a taɓa kayar da bijimin gidansu ba. Kafin a tashi shan shayi an naɗa shi babban mai horarwa. Ni aka bar ni da mandazi.

Abu na farko da ya yi shi ne sauya wa Kunkuru suna. Ya ce babu mai hankalin da zai shiga fili da kunkuru, daga yau sunansa Girgizar Ƙasa. Na biyu, ya kalli tsohuwar kwamfutarmu ya yi tsaki, ya ce in aka sauke wannan gawar a Kakamega sai an yi mana dariya har jikoki. Ya zuge jaka ya fito da sabuwar laftof da surukinsa ya aiko masa, ko ledar bayanta bai cire ba. Ya ce a kanta manhajar za ta zauna, a hannunsa kuma za a ɗauki hotonta.

Muhonja ta ce babu buƙata, manhajar tana cikin kan Kunkuru, ɗaukarsa kawai za a yi a tafi.

"'Yata," in ji shi, "ke kin san rubutu, ni na san duniya. Miƙo wayar nan."

Ya jona Kunkuru da laftof ɗinsa. Allo ya fito da tambaya, ko a sabunta ƙwaƙwalwar mutum-mutumin, tare da gargaɗin cewa duk abin da ke ciki zai goge. Ingosi ba ya karanta gargaɗi, yana ganin raini ne. Muhonja ta buɗe baki ke nan ya danna "Ee". Kunkuru ya yi 'yar ƙara, fitilarsa ta ƙifta, ya farka kansa fayau, bai san hagu ba bai san dama ba. Ingosi ya ce ai haka ake so, kafin karo dole a wanke cikin bijimi.

To yanzu dai dole a kwaso manhajar daga tsohuwar kwamfuta, gasa kuma jibi. Muhonja ta ce a ba ta waya ta mayar wa Kunkuru kayansa kai tsaye daga tsohuwar, ba zai ɗauki lokaci ba. Ya ce sam, komai sai ya bi ta laftof. Ya zaro filashinsa daga cikin makullan babur. Filashin nan babu shagon fotokwafin da bai shiga ba daga nan har Mumias, duk cutar da kwamfuta ke kamuwa da ita yana ɗauke da irinta. Na ce masa, "Mwalimu, wannan abin naka ko a aljihu ba na so ya kusance ni." Ya ce hassada ce irin ta masu kimiyya. Ya soka. Tsohuwa ta yi gurnani, ta ɗauke wuta, ta dawo, ta sake ɗaukewa. Aka mari gefenta, aka mari ɗaya gefen, a banza. Ta shiga kunna kanta tana kashewa har aka tashi daga makaranta.

Washegari ya ce abin ƙarami ne, sanyi ne ya kama ta. Ya fitar da ita rana a gaban ofis, malamai suna leƙowa ta taga suna yi masa sannu da jinya. Malamin lissafi ya tambaye shi ko a dafa mata kunu. Da rana ta ƙi yin magani sai ya kira ɗan boda-boda, wato ɗan acaɓa, ya rungumi tsohuwa a cinya, suka nufi kasuwa wajen mai gyara. Muhonja ta roƙi ta bi su, ya ce ta koma aji, maganar manya ce.

Abin da ya faru a shagon, mai gyaran ne ya ba ni labari daga baya, yana yi yana share hawayen dariya. Da ƙyar ya samu tsohuwa ta tsaya da ƙafarta na ɗan lokaci, ya buɗe inda yara ke ajiye aikinsu, ya tambaya ko duka zai kwashe. Ingosi ya leƙa allo ya sa a jera masa fayilolin daga babba zuwa ƙarami. Ya zaɓi manyan, ya nuna na can ƙasa ya ce wannan ƙaiƙayi ne, ba zai cika sabuwar laftof da shara ba. Mai gyara ya ce wani lokacin ƙananan nan suna da amfani.

"Kai a aji nawa ka tsaya?" in ji Ingosi. "A gidanmu ko ɗan maraƙi ba ma kaiwa fili. Kwashi masu nauyi."

Aka kwashi masu nauyi. A hanyar dawowa hadarin la'asar ya sauko kamar yadda ya saba. Ɗan boda-boda ya ce su fake, Ingosi ya ce mai zuwa Nairobi ba ya fakewa. A gangaren gada babur ya zame a jan laka, ɗan boda-boda ya dire, Ingosi ya ɗaga jakar laftof sama ya saki tsohuwa. Mata masu sayar da gasasshiyar masara sun ce sun ga kwamfuta tana gangarawa rafi a guje, malami yana bin ta da gindi. Sun taimaka sun tsamo shi. Ita ma an tsamo ta, amma ta gama aikin duniya.

Ya shigo makaranta jage-jage da laka yana murmushi, ya ce Allah ya raba mu da kaya. Ya kulle kansa a ɗakin kwamfuta ya zuba manhajar a kan Kunkuru, yara suna tsaye a baranda. Da ya fito Muhonja ta tambaye shi ko ɗan ƙaramin fayil ɗin ya zo.

"Duk abin da ke da nauyi ya zo."

"To Mwalimu, a ajiye shi a ƙasa mu gani. Sau ɗaya kawai. In akwai matsala yanzu zan gyara."

Nan fa jinin gidansu ya motsa. Ya ce ashe ba a koya mana komai ba. Wa ya taɓa ganin an gwada ƙahon bijimi a jajibirin karo? Ana killace shi ne, ba ya ganin kowa, kowa ba ya ganinsa, mace kuwa ko inuwarta ba ta gifta shi, in ba haka ba ya shiga fili da sanyin jiki. Na ce masa wannan batiri ne da roba, kuma macen da yake gudu ita ta haɗa shi. Ya ce shi ya sa yake tafiyar kunkuru. Muka ɗunguma wajen Mzee Amalemba, ni da Muhonja muka yi bayani, Ingosi ya yi tsawa, dattijo ya ce a bi al'ada. Raina ya ɓaci har na kasa cin abinci, don na ga fuskar yarinyar nan lokacin da ya naɗe Kunkuru a bargo ya sa a hammata ya tafi da shi gida.

Matarsa, Mama Shanyisa, ta gaya mini ya kore ta daga ɗaki ya shimfiɗa wa Girgizar Ƙasa a gefenta na gado. Ta ce ta kwana a ɗakin yara, kuma rabon da ta yi barci mai daɗi irin wannan tun kafin aure. Ya yanka kaji ya gayyato makaɗan gangar isukuti, waɗanda ke raka bijimi fili su rako wanda ya ci gida, suka cika ciki da nama da ugali, tuwon masararmu. Maƙwabta suka taru, ya fito da kwat ɗin da ya ɗinka don Nairobi ya nuna musu, ya yi alkawarin gaida musu 'yan majalisa.

Ranar gasa muka shiga Kakamega da ganguna, mutane suna tsammanin biki ne. Aka hana makaɗa shiga zaure, suka tsaya a tagogi. A gefe akwai teburin gwaji, kowace makaranta tana gwada nata. Muhonja ta sake roƙo. Ya ce ba zai nuna wa abokan gaba ƙahonsa ba, ya ƙara matse bargon.

Mu da makarantar ƙetaren kogi muka fito, mu biyu ne masu ƙarfi a yankin, kuma an ce duk wanda ya ci a tsakaninmu shi ne mai tafiya. Malamarsu Madam Vugutsa ce, gajeriyar mace mai tabarau. Ingosi ya taka har gabanta ya leƙa nasu mutum-mutumin ya tambaye ta ko injin niƙan barkono ne. Ya ce in yaranta suna son ganin Nairobi zai turo musu hoto.

"Mun gode, Mwalimu," in ji ta. "Naka fa? Zazzaɓi yake, na ga an lulluɓe shi?"

Sai da alƙali ya kira sunanmu ya warware bargon, ya bar Muhonja ta ɗora Kunkuru a teburi, shi kuma ya buɗe laftof ya riƙe a ƙirji saitin mai hoto. Aka busa usur. Na makarantar ƙetare ya yi taku ɗaya, tayarsa ta fice ta gangara ƙarƙashin teburi, ya zauna a wurin yana kuka kamar sauro. Yaransu suka dafe kai. Kunkuru kuwa ya zabura, ban taɓa ganin ya yi sauri haka ba. Ya isa tsakiya, ya sunkuya, ya ɗauki buhu tsaf. Sannan ya juya dama ya zuba a rumbun makarantar ƙetare.

Muhonja ta rufe fuska. Ingosi ya daka tsalle ya yi wa makaɗa alama, ganguna suka ɗauka. Bawan Allahn nan bai taɓa tsayawa ya kalli atisaye ko sau ɗaya ba, bai ma san wanne ne rumbunmu ba. Kunkuru ya koma, ya ɗauko, ya juya dama, ya zuba. Ingosi yana rawar kafaɗa yana zagaya teburi yana kirarin kakansa, yana nuna Madam Vugutsa da yatsa. Ita kuwa ta cire tabarau ta goge ta mayar, ta ƙara dubawa, sai ta fara tafi. Yaranta suka miƙe suna tafi, suna kiran Girgizar Ƙasa. Ingosi ya juyo gare ni yana haki ya ce in duba, har abokan gaba sun sallama.

Na ce, "Mwalimu, rumbunsu ne."

Ya tsaya da kafaɗa ɗaya a sama. Ya kalli rumbun da ke cika, ya kalli wanda ke ɗauke da sunan makarantarmu, ko ƙura babu. Ya shiga daka wa Kunkuru tsawa yana cewa hagu, hagu, ɗan banza, kamar mai korar akuya daga gona. Ya danna duk abin da ke dannuwa a laftof, wadda ba ta ma jone da komai. Da ya ga saura buhu ɗaya sai ya kifa tumbinsa a kan teburi zai cafke shi. Alƙali ya busa usur ya ce an kore mu saboda taɓawa. Kunkuru bai san an kore mu ba. Ya sunkuya ya kamo bakin nakatayen da ke wuyan Ingosi tare da buhun ƙarshe, ya juya dama, ya ja. Ƙafar teburi ta karye, malami da laftof da buhuna suka zube a gefen makarantar ƙetare. Wani daga bayan zaure ya tambaya ko shi ma za a ƙirga shi.

Aka sanar cewa makarantar ƙetare ta ci, da mutum-mutumin da ko buhu ɗaya bai taɓa ba. Muka fito waje muka tarar makaɗa sun riga sun juya sun sa yaran Madam Vugutsa a gaba. Ingosi ya bi su yana ɗingishi yana cewa kajinsa suka ci. Babban makaɗin, wani tsoho mai hular fata, ya ce tabbas sun ci kuma kajin sun yi daɗi, amma shi Mwalimu ɗan gidan karo ne, ya san wanda ake rakawa gida. Ya ƙara da cewa in ba damuwa a ba su aron ɗan bijimin su sa a gaba, tunda shi ya yi aikin.

Muka hau motar komawa. Muhonja ta ɗauki laftof ɗin da gefenta ya tsage, ta rubuta ɗan fayil ɗin nan a kan cinyarta kafin mu fita daga gari, ta zuba wa Kunkuru, ta ajiye shi tsakanin kujeru. Ya yi gaba ya juya hagu. Sai a lokacin ta yi kuka, ni ma na taya ta. Ingosi ya leƙo daga kujerar gaba ya ce mun gani ko, laftof ɗinsa ba ta da laifi.

Na ɗauka kunya za ta zaunar da shi ko na mako guda, ashe ban gama saninsa ba. Ranar Litinin a taron safe ya sanar cewa a duk yankin babu mutum-mutumin da ya kwashi buhuna kamar wanda ya horar. Ranar da makarantar ƙetare za su tafi kuwa, sai ga shi cikin kwat ɗin Nairobi da akwati. Ya ce in taho da Muhonja mu zama shaidu, zai je karɓar haƙƙinsa. Na je ne kawai don in ga iyakar rashin kunya.

Muka tarar da motarsu a bakin ƙofa, iyaye sun taru. Ya tsaya a gaban kowa ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce tarihi ba ya yafe wa masu cin gumin wani. Ya ce kowa ya ga wanda ya cika rumbun nan, kuma adalci shi ne a ba mai aikin kujera a motar nan, ko da ba ɗan makarantar ba ne. Ya iya magana, ba a raba shi da wannan. Har iyaye suka fara gyaɗa kai.

Madam Vugutsa ta ce gaskiya ya faɗa, kuma dama akwai kujera ɗaya da ta rage, ta mai taimaka musu da gyara, don nasu har yanzu tayarsa ficewa take. Ingosi ya ɗaga akwati. Ta juya ta tambayi Muhonja ko ita ce ta rubuta manhajar nan, kuma ko mahaifiyarta za ta bar ta. Muhonja ta ce jakarta tun makon jiya a ɗaure take, ba ta da zuciyar kwance ta.

"Madam, ni fa na ɗora manhajar," in ji Ingosi. "Da hannuna na zaɓo."

"Mun ji labarin zaɓen naka a kasuwa," in ji ta. "Ka kwashi masu nauyi ka bar ƙaramin. Mu ƙaramar za mu ɗauka."

Aka tura ɗan boda-boda ya ɗauko jakar, mahaifiyarta ta biyo shi a baya da ƙullin gyaɗa. Muhonja ta hau da Kunkuru a cinya, ta zauna gefen taga. Direba ya leƙo ya ce wa mai kwat ɗin nan ya matsa da akwatinsa, ya tare hanya.